Ɗana ya ƙi karɓar gurbin karatu saboda jami'ar ba ta cikin jadawalin duniya

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, bokona bai wuce sakandare ba. Babban ɗana mai shekara 18 ya ci maki 236 a JAMB. Ya nemi injiniyancin gine-gine a ɗaya daga cikin tsofaffin jami'o'in tarayya, bai samu ba. Muka canza zuwa wata jami'ar tarayyar a maƙwabciyar jiha, cikin waɗanda aka kafa a baya-bayan nan, Allah ya taimaka suka ba shi kwas ɗin da yake so. Yanzu ya ƙi danna karɓa. Ya nuna mini wani jadawali a waya, wai na Times Higher Education, ya ce jami'ar da ya so tana ciki, wannan kuwa ko sunanta babu, saboda haka digirinta ba shi da daraja. Ya ce gara ya zauna ya sake JAMB baɗi. Mahaifiyarsa ta ce in tilasta masa. Ƙanina da ke aiki a Abuja ya ce yaron ya fi mu sani, mu ƙyale shi. Ni ban san abin da jadawalin nan yake aunawa ba. Ina tsoron in tilasta masa in cuce shi, ina kuma tsoron in zuba masa ido ya yi asarar shekara. Yau kwana uku ke nan ba ya cin abinci tare da mu.

Wani uba, daga Kano

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya raya mana shi, ya sa albarka a karatunsa. Maki 236 ba wasa ba ne, kuma yaron da ya damu da darajar takardarsa tun bai shiga aji ba, ba yaron banza ba ne. Ka riƙe wannan a ranka kafin mu shiga maganar.

Ga inda na tsaya. Kada ka tilasta masa a daren nan, amma kada ka yarda wannan jadawali shi kaɗai ya zama hujjar zaman shekara guda a gida. Jadawalin ba na bogi ba ne, masu haɗa shi sun san aikinsu. Sai dai abin da suka auna daban, abin da kuke son sani daban. Ku kuna tambayar wa zai koya wa yaron nan lissafin rodi da kankare har ya iya, su kuma sun auna wace jami'a ce malamanta suka fi suna a duniyar bincike.

Tunda ka ce ba ka san abin da ke ciki ba, bari in kwance maka dilar.

Times Higher Education mujalla ce da ke Landan. Duk shekara tana ba jami'o'i maki bisa ɗari, ta kasa makin gida biyar. A tsarin da ta koma kai tun jadawalin 2024, maki 30 na ingancin bincike ne, ginshiƙinsa kuma shi ne sau nawa wasu masana suka ambaci maƙalolin da malaman jami'ar suka wallafa. Maki 29 na yanayin bincike ne: sunan da jami'ar ta yi a bakin masana, kuɗin da take samu don bincike, da yawan maƙalolin. Maki 7.5 na hulɗa da ƙasashen waje, wato baƙin ɗalibai da baƙin malamai nawa gare ta, da rubuce-rubucen da ta yi tare da masanan waje. Maki 4 na alaƙa da masana'antu. Saura 29.5, shi aka rubuta wa "koyarwa", kuma nan ne ɗanka zai ɗora yatsa ya ce, Baba ka gani, ai sun auna koyarwa. To, a buɗe wannan ma. Maki 15 daga ciki ƙuri'ar jin ra'ayi ce: ana tura wa malaman jami'o'i a faɗin duniya tambaya, su lissafo jami'o'in da suke ganin sun fi iya koyarwa a fanninsu. Farfesan da ke zaune a Jamus ko Japan bai taɓa leƙa ajin 'yan shekarar farko a Zariya ko Sakkwato ba, sunan da ya saba gani a mujallu shi zai rubuta. Maki 7.5 na yawan masu digirin digirgir da jami'ar ke yayewa ne. Maki 2.5 na kuɗin shigarta. Abin da ya rage, maki 4.5, shi ne ɗalibai nawa ke kan malami guda. Wannan ne kaɗai ya taɓa rayuwar ɗan digirin farko kai tsaye, shi ɗin ma na jami'ar ne a dunƙule, an cuɗa sashen da mutum ashirin ke aji da sashen da ɗari biyar ke cunkushe, an raba daidai. Babu wanda ya shiga aji ya saurari lacca. Babu wanda ya ɗauki takardar jarrabawa ya ga yadda aka yi makin, balle ya tambayi ɗalibi ko injin gwajin kankare yana tashi.

Sauran jadawalan ma 'yan gida ɗaya ne. Na QS, maki 30 ra'ayin malamai, 15 ra'ayin masu ɗaukar aiki, 20 ambato. Na Shanghai da aka fara a 2003 yana ba da kashi 30 cikin 100 ga yawan malamai da tsofaffin ɗalibai da suka ci kyautar Nobel ko ta Fields ta lissafi. Webometrics kuwa, wanda jami'o'inmu suka fi son kafa hujja da shi a jawabin bikin yaye ɗalibai, wata cibiyar bincike ce a Sifen ke fitar da shi, kuma rabin makinsa yawan shafukan intanet ne da ke nuni zuwa shafin jami'ar.

Sai maganar da ta fi cin ran yaron, wato "ko sunanta babu". Kafin jami'a ta samu matsayi a jadawalin Times, dole ta kasance ta wallafa maƙaloli aƙalla 1,000 cikin shekara biyar a mujallun da Scopus, wani rumbun ajiyar bayanan maƙaloli, ya sani, kuma dole ita da kanta ta cike takardu ta aika bayananta. Jami'ar da ba ta daɗe da kafuwa ba, wadda yawancin malamanta matasa ne da ke kan karatun digirin digirgir, ba za ta tara wannan adadi da wuri ba ko da kuwa ajinta ya fi na kowa tsari. Jami'o'in Najeriya sun haura 250, mafi yawansu ba sa ciki. Akwai ma waɗanda suka isa, suka ce ba sa yi. Jami'ar Utrecht ta Holan, wadda a lokacin take cikin ɗari na farko a duniya, ta daina aika bayananta a 2023, ta Zurich a Suwizalan ta bi sahu a 2024. Duk wanda ya duba jadawalin bayan nan bai ga sunansu ba, kuma babu mai hankalin da ya ce digirinsu ya zube.

Wani abin da jaridunmu ba sa faɗa: daga lamba 201 zuwa ƙasa, Times ba ta ba kowace jami'a lambarta, rukuni-rukuni take yi, kamar 801 zuwa 1,000, ko 1,001 zuwa 1,200, ko 1,201 zuwa 1,500. A cikin rukuni kuma da haruffan suna ake jerawa. Jami'o'in Najeriya da ke ciki a waɗannan rukunai na can ƙasa suke taruwa. Sai ka ga kanun labari an ce wance ta zo ta biyu a ƙasa, wance ta biyar, alhali wataƙila rukuninsu ɗaya, harafin farko na suna ne ya ɗora wata a kan wata.

Kuma lambobin nan suna tsalle ba tare da komai ya canza a aji ba. A jadawalin Times na 2010, Jami'ar Iskandariyya ta Masar ta zo ta 147 a duniya, a ma'aunin ambato kuma ta zo ta huɗu, sama da Harvard. Da aka bi diddigi sai aka ga yawancin ambaton daga wajen masani guda yake, wanda ya wallafa ɗaruruwan maƙalolinsa a mujallar da shi ne editanta. Da aka gyara lissafin sai ta gangara can ƙasa. Ɗaliban Iskandariyya ba su ji ƙarin ilimi ba a shekarar da aka ɗaga ta, ba su ji ragi ba da aka sauke ta.

A Amurka ma, inda mujallar U.S. News ta fara wannan sana'a tun 1983, haka abin yake. A 2022 wani farfesan lissafi na Jami'ar Columbia, Michael Thaddeus, ya nuna cewa alƙaluman da jami'arsa ke aikawa ba daidai ba ne. Jami'ar ta amsa cewa ta yi kuskure a bayanan girman azuzuwa da na takardun malamai, ta faɗo daga ta 2 zuwa ta 18. Shekara guda bayan nan mujallar ta sauya ma'auni. Ta cire girman aji da kuɗin da tsofaffin ɗalibai ke bayarwa, ta ƙara nauyin yadda jami'a ke kai 'ya'yan marasa ƙarfi ga kammala karatu. Nan take jami'o'in gwamnati suka yi sama, ta jihar California da ke Fresno ta haye matakai 64 a tashi ɗaya, Vanderbilt mai zaman kanta ta sauko daga ta 13 zuwa ta 18. Malaman su ne na jiya, azuzuwan su ne na jiya. Mudun ne aka canza.

Wannan ya fi shafar jami'ar gwamnati, domin ita ba ta da ikon tsintar 'yan kaɗan ta rufe ƙofa. Jama'a ake turo mata, kuma tsohuwar jami'a mai suna ita kowa ke rububi. Ni a irinta na yi karatu, ba zan kama suna ba. A shekarar farko, laccar ƙarfe takwas sai ka fito bayan asuba ka ajiye littafi a kan kujera ka kama wuri. Wanda ya makara ya tsaya a taga yana miƙa wuya, idan wuta ta ɗauke lasifika ta mutu, na baya sai dai ya kwafi littafin na gaba da daddare. Farfesan da sunansa ke kan jadawalin darasi, wanda saboda irinsa ake jin sunan jami'ar a waje, sau biyu na sa shi a ido a zangon. Yau yana taro a Turai, gobe yana duba ɗaliban digirin digirgir a wata jami'ar. Wani matashi da bai daɗe da gama digiri na biyu ba shi ya ja mu har jarrabawa. Ban ga laifin farfesan ba, aikin da ake auna shi da shi yake yi. Ina dai nuna maka cewa tafiye-tafiye da rubuce-rubucen da ke tara wa jami'a maki a Landan, su ne a wasu lokutan ke fitar da malamin daga ajin ɗan shekara 18. Sai da muka kai aji uku, muka ragu, sannan na san daɗin wurin: wata malama ta riƙa mayar mini da rahoton gwaji da jan biro har sau uku kafin ta karɓa. Abin da na koya a hannunta shi nake ci har yau, kuma babu jadawalin da ya san da zamanta.

Kada kuma a ce na kare sabuwar jami'a ido rufe. Yaron yana da gaskiya a wani ɓangare, kuma ya kamata ka faɗa masa haka da bakinka. Tsohuwar jami'a tana da abin da kuɗi ba ya saya cikin shekara goma: manyan malamai da suka daɗe a fanni, ɗakin karatu, kayan aikin da aka tara tun zamanin da naira ke da daraja, da tsofaffin ɗalibai da ke zaune a ma'aikatun ayyuka da kamfanonin gini, waɗanda idan suka ga takardar ƙanensu na makaranta sukan ɗan sassauta fuska. Wasu sababbin jami'o'in kuma, a gaskiya, gini ne ya yi gaba, malamai na baya. Za ka tarar da sashe guda malamansa na dindindin ba su cika hannu ba, sauran na aro ne, su zo daga wata jami'ar ranar Juma'a da Asabar su zuba laccar wata guda cikin kwana biyu su kama hanya. Tun 2012 kwamitin duba buƙatun jami'o'in gwamnati da Farfesa Mahmood Yakubu ya jagoranta ya gano cewa kashi 43 cikin 100 ne kacal na malamai ke da digirin digirgir, kuma an ci gaba da buɗe sababbin jami'o'i bayan nan, ana rabon malaman da dama can ba su isa ba. Saboda haka zargin yaron zai iya zama gaskiya. Shaidar da ya kawo ce ba ta isa ta tabbatar da shi ba, ba ta kuma isa ta kore shi ba.

Alhaji, kai ne fa ka fi kowa sanin wannan aiki. Idan aka kawo maka shadda aka ce gezna ce, ba ka tsayawa a tambarin da ke jikin leda. Kana warware bakin yadin, ka murza, ka ɗaga wa haske, ka ji nauyinta a hannu. Yadin da za ku duba a nan shi ne sashen injiniyancin gine-gine na wannan jami'a, shi kaɗai, domin a nan yaron zai yi shekara biyar, ba a ofishin shugaban jami'a ba.

Abu na farko ana iya yin sa daga kanti, a wayar shi yaron. Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, kwas-kwas take tantancewa, ba jami'a a dunƙule ba, kuma sakamakon iri uku ne: cikakkiyar amincewa mai shekara biyar, ta wucin gadi mai shekara biyu, ko hanawa, wadda ke nufin a dakatar da ɗaukar sababbin ɗalibai. A tsohuwar jami'a ma ana samun kwas mai ta wucin gadi, a sabuwa ana samun mai cikakkiya. Bayan NUC, injiniyanci yana da tasa majalisar, COREN, ita ma tana tantance kwas. Wanda ya fito daga kwas ɗin da ba ta amince da shi ba zai sha wuya ranar da ya je neman rajistar zama injiniya, ko da jami'arsa ce ta ɗaya a kowane jadawali. Ku binciko matsayin kwas ɗin a wurare biyun, da shekarar da aka ba shi. Ku kuma tambaya ko sashen ya taɓa yaye ɗalibai, ko kuwa ɗanka na cikin waɗanda za a koyi aski a kansu. Idan kwas ɗin ba shi da amincewar NUC, ko ya yaye ɗalibai ba tare da ta COREN ba, to magana ta ƙare, yaron ya yi gaskiya, ka goya masa baya, ka kuma lallashi Hajiya.

Idan takardun sun yi kyau, kada ka tsaya a nan, domin tantancewa ma ana yi mata kwalliya. Ina ɗalibi na ga an wayi gari an yi wa sashenmu fenti, an shigo da kwamfutoci a kwalayensu, an liƙa sunayen wasu daktoci da ba mu taɓa gani ba a ƙofofin ofis. Baƙi na juya baya kwamfutocin suka bi mota, sunayen suka ɓace, fentin ne kawai ya zauna da mu. Shi ya sa na ce ku je da ƙafarku. Ka bar wa yaran kanti kasuwa ranar wata Talata ko Laraba, ka ɗauki ɗanka, ku tafi ba tare da kun sanar da kowa ba. Gani ya kori ji.

Idan kun isa, ku wuce ƙofar shiga mai ƙyalli da ginin majalisar jami'a, ku nemi ɗakin gwajin kankare da na gwajin ƙasa. Ɗaliban wannan fanni suna zuba kankare a ƙananan akwatunan ƙarfe, su jiƙa shi a ruwa har kwana 28, sannan su sa a inji a matse shi har ya fashe, a karanta nauyin da ya ɗauka. Idan ana yin aikin, za ku ga kwamin ruwa da dunƙulen kankare a ciki, za ku ga tarin fasassu a bayan ɗakin, ƙasa duk ƙurar siminti. Idan kuka tarar da inji fes a lulluɓe da leda, ɗaki a share kamar ɗakin amarya, ku sha jinin jikinku. Ku gaisa da ma'aikacin da ke kula da ɗakin, irinsu ba su cika ɓoye gaskiya ba idan aka girmama su. Ku duba fili ko akwai ɗalibai da na'urar safiyo a kan ƙafafunta uku suna awo cikin rana.

Sannan ku nemi 'yan aji huɗu ko biyar, a wajen mai shayi ko bakin masallaci, ka bar yaron ya yi musu tambaya da kansa, kai ka koma gefe. Su nawa ne a ajinsu? Malamai nawa ne ke zaune a garin, nawa ke zuwa daga nesa? Ma'aunin NUC a injiniyanci malami ɗaya ne ga ɗalibai 15, sai ku gwada da abin da kuka ji. Bayan jarrabawa wata nawa sakamako ke ɗauka kafin ya fito? Ana tilasta sayen takardun lacca? Da suka tafi koyon aiki na wata shida a aji huɗu, wani malami ya bi sawunsu, ko sa hannu kawai aka yi a littafi? Waɗanda suka gama bara sun tafi hidimar ƙasa, ko suna gida suna jiran a tura sunansu? Ruwa da wuta a ɗakunan kwana fa, da lafiyar hanyar garin? Ɗalibi ba ya yi wa makarantarsa kara a irin wannan hira, sai ma ka riƙa rage wani abu daga ƙorafinsa. Idan da hali, a hanyar dawowa ko wani satin ku shiga tsohuwar jami'ar da yake so, ku yi waɗannan tambayoyin, kalma da kalma. Zai iya fitowa ya ƙara son ta. Zai iya kuma ganin 'yan aji ɗaya a taga.

Yanzu lissafin shekarar. Sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne, gurbin da ke hannu kuma yana da wa'adi, idan ya wuce ya wuce. Yaron yana magana kamar baɗi tabbas ce. Ba tabbas ba ce. Bana da 236 bai samu ba, baɗi zai kara da sababbin 'yan sakandare masu ɗumin karatu a ka, shi kuma ya yi wata da watanni rabonsa da aji. Gurbin jami'ar tarayya kuma ba maki kaɗai ke raba shi ba: kashi 45 na cancanta ne, 35 na jihohin da ke kewayen jami'ar, 20 na jihohin da aka ce suna baya a ilimi. Mutum zai iya ƙara maki goma ya sake faɗuwa, ko a ba shi kwas ɗin da bai nema ba, ya je ya yi shekara huɗu yana karanta abin da ba ya so don kawai sunan da ke saman takarda. Ga yajin aiki, wanda ba ya tambayar matsayin jami'a a jadawali. A 2020 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta rufe azuzuwa wata tara, a 2022 wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, tsofaffi da sababbin jami'o'in tarayya duk tare suka zauna. Karatun shekara biyar da ma yakan ja ya wuce biyar, shi kuma yana so ya ƙara guda da hannunsa. Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki, matuƙar dai kun fasa kun ga ba bara-gurbi ba ne.

Ina jin a ƙasan ransa akwai mafarkin fita waje, shi ya sa kalmar "duniya" ta kama shi. To, ga yadda abin yake. Masu ba da gurbin digiri na biyu da tallafin karatu sun fi duba ko hukumar ƙasarka ta amince da jami'ar, da matakin da ka fita da shi, da takardar makinka dalla-dalla, da abin da malamanka suka rubuta a kanka. Malamin da ya san sunanka a aji mai mutum arba'in zai rubuta maka wasiƙar da ta fi ta wanda bai taɓa bambance fuskarka cikin ɗari uku ba. Akwai wuraren da jadawali ke aiki kai tsaye, kamar bizar da Birtaniya ta ɓullo da ita a 2022 don waɗanda suka fito daga jami'o'i 50 na farko a aƙalla biyu daga cikin manyan jadawalai uku. Jerin da ta fitar babu jami'ar Afirka ko ɗaya. A wannan ma'aunin, jami'ar da yake so da wadda ya raina layinsu ɗaya. Kuma ƙofar tsohuwar ba ta rufe ba. Idan ya fita da sakamako mai kyau zai iya zuwa can ya yi digiri na biyu, matakin da farfesoshin nan ke da lokacin ɗalibi, matakin kuma da abin da jadawalin ya auna ke da amfani a gare shi da gaske.

Saura abin da ba ka tambaya ba. Yaron da ya daina cin abinci da iyayensa kwana uku, ba lissafin maki 4.5 ke damun sa ba. Ina kyautata zaton wasu abokansa sun samu can, ana ta sa hotuna a waya, shi kuma yana jin an bar shi a baya. Jadawalin ya ba shi hanyar faɗin "ina jin kunya" da harshen masu ilimi. Kada ka tone shi a kan haka, kada kuma ka haɗa shi da albarka, ka ce in bai danna ba ba ka yafe ba. Yaron da aka tura makaranta da irin wannan magana yakan tafi da jikinsa ya bar zuciyarsa a gida, kwas na farko da ya faɗi ya ce ai dama ku kuka sa ni. Ka kira shi ku biyu, bayan isha'i, ba a gaban ƙannensa ba. Ka ce masa ka bincika, ka gane yana da hujja a wani wuri, kana so ku je ku gani tare, kuma shi zai riƙe takarda ya rubuta amsoshin. Hajiya ta ɗan sassauta na kwana biyu. Baffansa na Abuja kuwa, tunda ya ce yaron ya fi ku sani, a ba shi aiki: ya nemo injiniya ɗaya ko biyu da ke ɗaukar matasa aiki, yaron ya tambaye su a waya abin da suke dubawa idan sabon mai digiri ya zo gabansu.

A daren yau dai ku buɗe shafin JAMB ku ga ranar da wa'adin karɓa zai cika, don ku san kwana nawa gare ku. Idan kun je kun tarar sashen kango ne, ya zauna ya sake, da yardarka. Idan kun tarar yana da rai, shawarata ya karɓa, kuma ka faɗa masa haka ƙarara, a matsayinka na uba mai biyan kuɗin. In ya ga komai da idonsa ya ce shi dai har yanzu sai baɗi, to ba zaman ɗaki da waya ba ne: da safe darasin share fagen jarrabawa, da rana kanti, kuɗin fom ɗin JAMB kuma daga abin da ya samu a kantin zai fito.